Jakar da Saƙo Ya Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗa mai cike da tsami, Malam Mailafiya mai ga-ruwa na unguwar Kudai yake sanar da 'yan'uwa Hausawa mazauna Makka rasuwar jakarsa ta fata, wadda aka fi sani da 'Yar Maraɗi. Ta cika da hantsin ranar Litinin, cikin watan Rajab na wannan shekara ta 1385, a wani hawan dutse gaba da Tan'im kaɗan, tana kan hanyarta ta zuwa Madina. Ba tsufa ne ya kashe ta ba, kada wani ya zo gaisuwa da wannan magana. Saƙo ne ya kashe ta, kuma masu saƙon sun san kansu.

An haifi marigayiya a rumfar wani baduku a kasuwar Maraɗi, daga fatar jar akuya wadda ta sha jima. Ta hau kafaɗar Mailafiya tun gemunsa bai san furfura ba, da ita ya tako ƙasa har zuwa nan. Ta ratsa Barno da Wadai da Darfur, ta yi zaman gonakin auduga a Sudan, ta sha gishirin teku daga Suwakin zuwa Jidda. Da rana jaka ce, in an sauka matashin kai ce, in ruwa ya sauko a ƙarƙashin riga ake ɓoye ta. Duk tsawon wannan tafiya ba a taɓa jin bakinta ba sai ɗan kukan maratayinta, ƙiiƙ, ƙiiƙ, daidai da takun mai ita. Mailafiya ya shaide ta da haƙuri da rufin asiri, don ba ta taɓa nuna wa kowa cewa guzuri ya ƙare ba.

Shi ma bai taɓa zaluntarta ba, a faɗi gaskiya. Duk wanda ya ga Mailafiya yana shirin tafiya ya san aikin yini ne. Sai ya baje kaya a tabarma, ya ɗauki kowane abu ya auna shi a tafin hannu, ya tambaye shi aikin da ya iya. Abin da aiki ɗaya kawai ya iya, a gida yake kwana. Mayafi ya samu shiga don shi ne bargo, shi ne inuwa, shi ne abin salla. Ƙaramar ƙwarya ta samu shiga don a cikinta ake dama gumba, da ita ake sha, da ita ake ɗebo ruwan rijiya. Sabulu sai an raba shi biyu. Ludayi kuwa yanke masa mariƙi ya yi, har matarsa Zali ta ce in ya ci gaba a haka wata rana zai rage wa allura tsawo. Bai yi dariya ba, don ya taɓa tunanin hakan.

Jama'a su san abin da aka yi asara. Tun ranar da Mailafiya ya baro gida ya ƙudurta cewa da ƙafarsa zai je ziyara Madina. Ya yi aikin Hajji, guzuri ya ƙare, ya zauna ɗaukar ruwa, shekaru suka yi ta wucewa. Mota ba tasa ba ce, don ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, kuma hanyar mota ba ta rasa masu tambayar takarda. Ga gwiwarsa ta dama, wadda garwar ruwa ta gama da ita, tana faɗa masa kullum da asuba cewa bana ce kawai ta rage mata. Bana kuwa Allah ya kawo Hashimu, madugun da ya san rijiyoyi da hanyar bayan duwatsu, ya yarda ya sa shi cikin ayarin masu ziyarar Rajab. Sharaɗin Hashimu ɗaya ne: babu jaki, babu raƙumi, kowa ya ɗauki abin da kafaɗarsa za ta iya, kuma ayari ba ya jiran kaya.

Marigayiya ta kamu da ciwon ajalinta ne a wajen sallama. Zali ta ba da shawara ya sulale kawai, in ya dawo ya ba da haƙuri. Shi kuwa ya ce ina, Bahaushe ba ya kama doguwar hanya bai bi gida gida ya nemi gafara ba, wa ya san ko zai dawo? To, ya bi. Kowane gida aka yafe masa duniya da lahira, aka yi masa addu'a har da ƙwalla, sannan aka ce ya ɗan dakata. Sai a shiga ɗaki a fito da ƙulli. Kowa a Kudai ashe yana da wani a Madina! Wannan ƙanwa, wannan ɗan wa, wannan wani da suka haɗu a jirgin ruwa. Kuma kowa kalmarsa ɗaya: ɗan abu ne, ba nauyi.

Haba jama'a! Mutumin da ya yanke wa ludayi mariƙi, shi aka ɗora wa daddawa da kuka da takalma da kwanon sha. Ba ya iya cewa a'a, don yawancinsu ba su da takarda kamar shi, kuma sun yi shekaru ba su ga nasu ba. Ba ya iya tambayar abin da ke ciki, don saƙo amana ne, ba a buɗewa, ba a shinshinawa. Na ƙarshe shi ne na Inna Mariama, tsohuwar da ke sayar da ƙosai a bakin layinsu, wadda ta yi jinyar Zali a haihuwarta ta fari. Ta kawo wani abu naɗe cikin tsohon zani, za a kai wa 'yarta. Da Mailafiya ya karɓa sai da hannunsa ya yi ƙasa. Ta ce ai zanin ne mai kauri, ɗana. Ya ce haka ne, Inna.

Don a samu wuri, ya fitar da rabin dabinonsa, ya fitar da rigarsa ta canji, ya fitar da man zafin da yake shafa wa gwiwa. Marigayiya ta kumbura har bakinta ya ƙi rufuwa. Tun daga ƙofar gida muryarta ta sauya, ƙiiƙ ɗin nan mai daɗi ya koma wani gurnani, gurr, gurr, wanda mai ita bai taɓa ji ba ko a Darfur. Hashimu ya dube ta, ya dubi Mailafiya, ya tambaya ko ƙaura yake yi. Suka wuce Tan'im, suka bar titi suka kama hawa. Ɗinkin maratayi ya fara saki, ya tsaya ya ɗaure da igiya. Ana cikin hawan sai aka ji ɓarrr! Wannan ita ce maganarta ta ƙarshe. Gindinta ya tsage daga gefe zuwa gefe, ƙulle-ƙulle suka watse, zanin Inna Mariama ya warware, ɗan dutsen niƙa ya fito ya gangara abinsa. Dutse, jama'a. A ƙasar da ba a rasa komai kamar yadda ba a rasa dutse ba.

Hashimu bai yi faɗa ba. Ya ce halas, magana ta ƙare, Mailafiya ya ƙulle nasa 'yan kayan a mayafi, ya bar na mutane a nan, yalla a tafi, rana tana yi. Wallahi Mailafiya ya so. Ya tsaya yana duban hanyar arewa har idonsa ya kawo ruwa. Amma ya ga ba zai iya tsayawa a Madina ya yi sallama ba alhali ya zubar da amanar mutane a jeji. Ya nemi gafarar Hashimu, ya gangara da wannan gwiwa ya ɗauko dutsen, ya tattara ƙullin kowa a mayafi, ya saɓa gawar a ɗaya kafaɗar. Ayari ya yi gaba, shi ya juyo Kudai.

Marigayiya ta rasu ta bar mai ita, wanda har yanzu yake kai hannu kafaɗa in zai tashi. Ta bar salkar ruwa, abokiyar tafiyarta, wadda ke rataye a ƙusa ta ƙi magana da kowa. Ta bar ƙaramar ƙwarya da rabin sabulu da ludayi mai naƙasa. Ta kuma bar tarin saƙo a tsakar ɗaki, har yau babu wanda ya zo ɗauka, wai a ajiye zuwa baɗi tun da an riga an ƙulle. Inna Mariama ce kaɗai ta leƙo, ta duba dutsenta, ta yi hamdala da bai ɓantare ba, ta mayar da shi inda yake.

Za a yi wa marigayiya sutura gobe Alhamis bayan la'asar, a bayan ɗakin kwanon Mailafiya. Liman ya ce babu salla tun da fata ce, kuma an karɓi wannan hukunci. Zali za ta naɗe ta, mai ita zai haƙa ramin a zaune, don gwiwar ta daina lanƙwasuwa tun ranar Litinin. Za a karɓi gaisuwa a ƙofar gida har magariba. Ana roƙon kowa ya zo hannu sake, ya koma da ƙullinsa, kuma kada wani ya ambaci baɗi, don gwiwar nan ba ta da baɗi. Wanda kuma yake da saƙo zuwa inda marigayiya za ta, don Allah ya riƙe abinsa, ya kai da kansa.