Dutsen Tama da Kaskar Fada

A Kurmin Tama kowa ya san matsayinsa, kuma kowa ya san inda jininsa yake samo ja. A tsakiyar kurmin akwai kogo, a cikinsa akwai wani jan dutse mai ƙarfe da dabbobi ke lasa don jini ya yi kauri, ƙafa ta yi ƙwari. Sarki Ɓauna ne ke fara lasa, sai Waziri Dila, sai sauran jama'a gwargwadon tsawon ƙaho da kaifin haƙori. Tasalla, wata gada mai ɗan jiki da yawan tambaya, ita ce ta ƙarshe a layi kullum. Abin bai taɓa damunta ba, tunda dutse ba ya ƙarewa.

Ana nan sai kaska ta shigo kurmi da danginta kaf. Jinin mutanen Tama ya yi mata daɗi, tana sha tana hayayyafa, har ta kai babu mai iya gaisawa da wani ba tare da yana susa ba. Dakarun kurmi kuwa rina ne, ƙanana masu zafin harbi, aikinsu su huda cikin kaska ta fashe. Da abin ya fi ƙarfinsu aka kira majalisa, shugabansu Zirnaƙo ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Allah ya ja zamanin sarki," in ji shi. "Mun yi huda har ƙarinmu ya dakushe. Muna kashe ɗaya, goma na ƙyanƙyashewa, domin ƙarfen da ke cikin jininku shi ne abincinta. A rufe kogo. In jini ya tsinke, abokiyar gaba za ta rame ta watse. Na ɗan lokaci ne kawai."

Maganar gaskiya, dabarar ta ci. Kafin damina ta fita kaska ta bushe ta kakkaɓe, aka yi biki, aka naɗa Zirnaƙo Sarkin Ƙofa da rawanin da ya fi shi nauyi. Sai dai babu wanda ya tuna ya tambayi ranar buɗewa. Ɗan lokacin nan ya yi rarrafe, ya yi tafiya, har ya isa aure.

Jama'a suka fara fari. Zomo, ɗan aiken fada, ya koma tafiya yana hutawa a gindin kowace bishiya. Wanda ya miƙe da sauri sai jiri ya mayar da shi zaune. Fada ta ce natsuwa ce ta sauko wa ƙasa.

A cikin wannan natsuwa Tasalla ta samu ciki. Bushiya ungozoma ta ja fatar idonta ta duba, ta girgiza kai.

"Ƙanwata, ba ki da jini ko na gwaji. In kika haihu a haka, tsakanin ke da ɗan, ɗaya ba zai tashi ba."

Tsoro ya kama Tasalla sosai. Ranar majalisa ta ja jiki ta durƙusa a gaban sarki.

"Ranka ya daɗe, ban zo raina aikin dakaru ba, sun cece mu. Amma ƙofar da aka rufe don a kashe kaska da yunwa, yanzu mu take kashewa. Rabona da ganin kaska har na manta kamanninta. A bar mu mu lasa."

Zirnaƙo ya gyara rawani. "Baiwar Allah, rashin ganinta ai shi ne shaidar muna aiki. In kuma ido kike so ya gani, a shigo da fursuna!"

Rina suka shigo da kaska a kan ganye, suna nishi saboda nauyi. Ta yi ɓul-ɓul kamar ɗanyen gauta, tana sheƙi, jan jini har yana nunawa ta fatarta. Jama'a suka ja da baya suna salati. Tasalla kuwa, da halinta na tambaya, ta matsa kusa ta leƙa.

"Ranka ya daɗe, mu dai jininmu ya zama ruwa. To jinin wa ta sha ta yi wannan ƙiba?"

Sarki Ɓauna ya ɗaga kofato zai sosa bayan kunne, sai ya lura ana kallonsa, ya mayar da shi gyaran zama. Waziri Dila ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Mai martaba ya tausaya wa wannan baiwar Allah saboda lalurarta," in ji Waziri. "An ba ta izinin shiga kogo, ita kaɗai, har ta sauka lafiya. Majalisa ta tashi."

A cikin kogo Tasalla ta tarar da dutsen a jiƙe, ga sawun kofato babba, ga na dila, duk sababbi. Ta gani da idonta, ta kuma ji ɗan cikinta ya motsa. Sai ta sunkuya ta lasa har harshenta ya yi zafi.

Da ta fito, mata masu ciki sun taru a bakin ƙofa, rina na shawagi a kansu. Lantana barewa, aminiyarta, wadda cikinta ya girmi nata, ta tare ta.

"Tasalla, me kika gani a ciki? Yaushe za a buɗe mana?"

Tasalla ta dubi rina, ta dubi cikinta. Kunya ta kama ta, amma ta sa ƙafa ta goge jan da ke bakinta.

"Yaya, a yi haƙuri," in ji ta. "Kaska tana nan."