Rasuwar Ɗan Ja, Injin Waldar Sharhabilu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma har yanzu ba ta gama wanke kowa ba, Sharhabilu mai walda na kan hanyar Shendam a nan Lafiya yake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar injinsa na waldar agon, wanda aka fi sani da Ɗan Ja. Marigayin ya cika ranar Laraba da tsakar rana a wani sabon gida a Azuba, yana tsakiyar aiki, ko damina ɗaya bai gani ba. Ya tafi ya bar ƙarfen dafawa na matakalar benen Madam Hembadoon rabi a haɗe, rabi a zube, ga shi ranar Lahadi za a buɗe gidan. Wannan ne aikin farko da aka taɓa ba Sharhabilu da sunansa, ba da sunan ubangidansa ba.

Ga yadda marigayin ya shigo dangi. Da Oga Mu'awiya ya yaye Sharhabilu bayan shekarun koyon aiki, sai yaron ya ƙwallafa rai a kan injin agon, irin wanda ke haɗa sitenles sumul ba tartsatsi. Oga ya ce ya ƙara haƙuri ya sayi tsoho mai suna, wanda in ya lalace za a samu kayan gyaransa, kuma ya ɗaga inji ya ji nauyinsa kafin ya gaskata lambar ƙarfin da aka rubuta a jikinsa. Sharhabilu ya ce to. Amma a ransa ya ce da walakin, goro a miya: mutumin nan so yake a yi ta zuwa wajensa aro.

A wani shago a Mararraba aka jera masa uku. Na farko, da aka faɗi kuɗinsa sai da ya nemi wurin zama. Na biyu tsoho ne mai tabo, ga nauyin tsiya, sak wanda Oga ya kwatanta, don haka ko kallo bai ishe shi ba. Na uku ja wur a kwalinsa, da ƙatuwar lamba a ƙirji, ga shi sakayau kamar kular abinci. Mai shago ya rantse zai haɗa sitenles, ya haɗa alminiyam, har auren da ya mutu in an kawo. Daga baya aka gane alminiyam ɗin baƙanta shi kawai yake yi. Ba a dai tona asirin mamaci.

Marigayi Ɗan Ja mai sauƙin kai ne. Yana hawa acaɓa ba gardama, ba ya cin wuta, kuma in aka dace da shi yakan ja layi mai kyau har mutum ya tsaya kallo. Sharhabilu ba zai manta muryarsa ba: fuuuu ta fanka da safe, tssss in gas ya taho, sai zzzz a hankali a kan ƙarfe. Aibinsa ɗaya, da an ɗan ja aiki sai ya kunna wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ya tsaya cak, sai ya huta.

To, ruwa ba ya tsami banza. Sharhabilu na zargin wutar NEPA, yana zargin mai shagon da lambarsa ta daina shiga. Amma babban zarginsa na kan wata rana da Oga Mu'awiya ya biyo ta gaban shagon, ya dubi marigayin, ya ce, "Ma sha Allah, ja ne," ya wuce. Haba! Inji guda, a rasa abin yabo sai launi? Sharhabilu ya ce wannan kambun baka ne. A ranar ya sa matarsa Zulfa ta ɗinka wa Ɗan Ja rigar tamfol cif-cif da jikinsa, ba kafa sai ta wayoyi, kuma a cikinta yake aiki don kada wani ido ya sake sauka a kansa.

A cikin rigar nan ya je Azuba, a zafin Lafiya na watan Maris, wanda ko ƙadangare neman inuwa yake. 'Yar fitilar ta kama, Sharhabilu ya kashe ya kunna, don aiki na jira. Ta sake kamawa, ya sake. Can sai wani ƙauri ya tashi, marigayin ya ce ɗas! Daga ita bai ƙara ba.

Aondofa mai gyaran lantarki ne ya duba gawar. Ya ce, "Sharhabilu, ba mutum ya kashe shi ba, zafi ne. Injin dama ba ƙarfi, kai kuma ka toshe masa hanci. Ta ina zai yi numfashi?" Ya ce fanel ɗin lantarkin cikinsa ya ƙone, kuma irinsa ko a Abuja babu. Sharhabilu bai karɓi wannan sakamako ba, don an shaida masa wajen mai shinkafa ɗaya Aondofa da Oga suke cin abinci. Biri ya yi kama da mutum.

Marigayin ya bar tocilar walda guda, da silindar gas mai sauran rabi, da takardar garanti cikin wani rubutu da ba mai iya karantawa a Lafiya. Ya bar Zulfa, wadda ta roƙi a cire sunanta daga maganar. Ya kuma bar Madam Hembadoon, wadda ta yi ta'aziyya kamar haka: "Sorry, amma Mama na zai hau benen nan ranar Lahadi, ƙafanta ba kyau. In ba ka gama ba, zan kira wani."

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan la'asar a ƙofar shago, inda 'yan gwangwan za su zo da sikelinsu. Ana roƙon masu ta'aziyya su tsaya inda za a riƙa ganin hannuwansu, kuma duk mai niyyar cewa araha ba ta ado ya yi zamansa a gida.

Ranar Asabar da safe za a loda sauran ƙarafan Madam a Keke Napep zuwa shagon Oga Mu'awiya, wanda ya aiko da saƙo tun ba a roƙe shi ba: "Ka zo ka ƙarasa da nawa. Bencinka na nan, ba wanda ya zauna." Sharhabilu ya juya maganar nan gaba da baya yana neman tarkon da ke ciki, bai samu ba, kuma wallahi wannan ya fi mutuwar yi masa ciwo. Ya ce zai je. Ya dai roƙi kada kowa ya raka shi.