Sandar Baffa da Tarwaɗa

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗana na fari ba, ko na so in manta mutanen Kabo ba za su bar ni ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in kama kaina da duka.

Abin ya faro ne lokacin da matata Hauwa ta tafi goyon ciki gidansu a Kabo. Ni ina koyarwa a Gwarzo, duk Asabar sai in hau babur in je dubiya. To kun san zaman gidan surukai: ka gaisa da Inna kanka a sunkuye, ka ga matarka kamar a sace, sai a mai da kai zaure ka yi ta kallon bango. Surukina kuwa, Baffa, dattijo ne mai ƙarancin magana. Asalinsu makiyaya ne kafin su zauna su kama noma, kuma in ya dube ka sai ka ji kamar saniyar sayarwa yake dubawa. Babban burina a duniya a lokacin shi ne mutumin nan ya ɗauke ni mai hankali.

Zaman banza ne ya kai ni bakin dam, na ga masu fatsa suna jawo tarwaɗa, na ce ni ma sai na yi. Kuma ba zan sayi sanda ba, da hannuna zan haɗa (ban san wa ya aike ni ba). Na kalli bidiyo a waya har idona ya yi ja, na fahimci cewa sandar tarwaɗa sai mai ƙarfin gindi da laushin kai, don kifin nan in ya ja, ja yake ba wasa. Na gwada gora, ta tsage. Na yanko reshen dalbejiya, ya karye tun a tsakar gida. Na gwada bututun roba na masu aikin famfo, ya yi ta lilo kamar taliya. Kai, har ƙarfen labulen ɗakinmu na sauke, shi kuma ya lanƙwashe ya ƙi miƙewa. Haushi ya ishe ni.

Wata Asabar ina zaune a zauren Baffa na ɗaga kai, sai ga wata sanda a soke jikin azara, baƙa ƙirin, doguwa, siririya. Na zaro ta na tanƙwara a gwiwa, ta dawo tsaf. Na sake, ta sake dawowa. Wallahi sai da na ji ƙwalla don daɗi. Ya kamata in tambaya, na sani. Amma ta yaya zan dubi surukina in ce, "Baffa, ara mini sandar can in kama kifi"? Kunya ta hana ni tambaya, amma ba ta hana ni ɗauka ba.

Na kai ta Gwarzo na zauna mata. Baƙin nan da na zaci dauɗa ce na kankare shi da fasasshiyar kwalba. Na fere kan ya yi siriri, na ɗaura zobban waya da salatif ja, na naɗe gindin da tsohon tub na keke. Kuma abin takaicin, ta yi aiki! Na sa hanjin kaza a ƙugiya, ta jawo mini tarwaɗa kamar cinyata. Na kai wa Inna ta yi farfesu, aka ce Baffa har ƙari ya nema. Na mai da sandar inda na same ta don in riƙa ɗauka duk mako, ina ta jin kaina.

Hauwa ta sauka lafiya, namiji. Ranar suna ƙofar gida ta cika, 'yan uwansu daga Garo da Dugabau, ga abokan aikina, ni kuma na sha babbar riga. Bayan an raɗa suna an shafa fatiha, sai Baffa ya yi gyaran murya. Ya ce ya ba jariri karsana. Aka yi ta sa albarka. Sannan ya dubi babban ɗansa.

"Sale, ɗauko mini sandar kakanmu a zaure. Da ita ya koro shanu zuwa ƙasar nan, ita ubana ya riƙe, ni ma na riƙe. Yau zan ba jikan nan nawa."

Na yi addu'ar Allah ya sa akwai wata sandar a zauren nan. Babu.

Yaya Sale ya fito riƙe da ita nesa da hancinsa, ƙugiya tana reto, ƙudaje na biye. Baffa ya karɓa, ya juya ta, ya shafa inda na kankare, ya taɓa salatif ɗin da ɗan yatsa.

"Wane ne ya yi wa sandar nan kwalliya?"

Na miƙe, ban san lokacin da na durƙusa ba. "Baffa, ni ne. Wallahi ban sani ba. Na ga tana da laushin kai ne."

(Laushin kai! A gaban liman!)

Wani tsoho ya fara tari don ɓoye dariya, daga nan kowa ya saki tasa. Baffa kaɗai bai yi ba. Ya ce, "Baƙin da ka kankare, man shanu ne da gumin hannun mutum uku." Ya ɗaga ƙugiyar ya duba. "Ashe da ita aka kamo kifin da na ci."

Na ce a ba ni in cire tarkacen yanzun nan in gyara ta.

"A'a, Malam. A bar ta yadda take. In yaron ya girma ya tambayi ubansa."

Tana nan rataye a ɗakinmu, da zobbanta da salatif ɗinta, Hauwa ta hana a taɓa. Abin da na koya shi ne, a gidan surukai ko tsinken sakace ka gani ka tambayi tarihinsa, gara kunyar zaure da ta bainar jama'a. Yaron kuwa ya fara magana, kowa na murna ban da ni. Jiya ya nuna bango ya ce, "Abba, mene ne wancan?" Na ce masa ya je uwarsa na kira.