Ranar da Na Gudu da Ƙaho a Bayana

Ba zan taɓa mantawa da safiyar nan ba, safiyar da na faɗo tsakiyar unguwa a guje, daga ni sai gajeren wando, ƙahoni manne a gadon bayana, ina kiran wani dattijon kirki maye. Har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma bari in faro muku daga farko, kada ku ɗauka dama can da motsi a kaina.

An turo ni koyarwa ne wata makarantar sakandare a wani ƙaramin gari kusa da Baure. Ni tashin Kaduna ne, ban san kowa a ƙasar Daura ba, ban kuma iya cusa kai ba. Na kama hayar ɗaki a jikin gidan Malam Habu, wani mai sayar da hatsi. A ƙofar gidan akwai darbejiya, a gindinta magidantan unguwa suke haɗuwa bayan magariba, kowa a fito masa da kwanonsa su ci tare. Kullum na zo wucewa sai in yi sallama, su amsa, su ce bismillah. Ni kuma in ce alhamdulillahi, na ƙoshi. (Ƙarya nake, taliyar leda ce take jirana a ɗaki.) A inda na tashi, bismillah ɗin da ake yi wa mai wucewa ta fatar baki ce, wanda ya zauna shi ne mara kunya. Don haka na yi ta jiran ranar da za a gayyace ni da gaske, ranar ba ta zo ba.

Kaɗaici ya ishe ni, ba zan ɓoye ba. Akwai ranakun da in na baro aji ba na sake buɗe baki sai a salla. Ran Asabar nakan hau mota in shiga Daura, ba don ina da abin yi ba, don dai in ga mutane. A can ne wani mai tura fina-finai a waya ya loda mini tsofaffin fina-finan Turawa na masu shan jini, ya ce ba mai tambayarsu, in je in gani ko za su yi mini.

Suka kuwa yi mini. Kusan labari ɗaya ne ake ta maimaitawa: wani mutum fari fat mai dogayen fiƙoƙi da baƙar alkyabba, wanda yake wuni cikin akwatin gawa, in duhu ya yi ya fito neman wuyan mutane. Akwai na farko-farko da ba a magana sai rubutu, akwai mai magana amma ba launi, akwai na baya da jinin ya yi ja kamar zoɓo. Na haddace dokokinsa fiye da yadda ɗalibaina suka haddace darasina. Ba ya son tafarnuwa, ba ya fitowa a madubi, ba ya shiga gidan kowa sai an ce masa ya shigo. Gaskiyar magana, tsoron ne nake so. In kana jin tsoro, ko ba komai kana jin kamar akwai wani a ɗakin tare da kai.

Wajen ƙarshen damina zazzaɓi ya kwantar da ni, wuyana ya sanƙare, kaina ya yi nauyi. Malam Habu ya ga shiru ya leƙo ta taga. Ya ce mataccen jini ne ya tarar mini, zai turo wanzami gobe da safe ya yi mini ƙaho. Na ce to, don ba ni da ƙarfin musu. Ƙaho kuwa ban taɓa yi ba, iyakata in hango ana yi wa wani a gefen kasuwa in kau da kai. Maimakon in yi barci ranar, sai na kunna mai launin nan na yi ta kallo, wai don in manta da ciwon.

Da hantsi na ji sallama. Baba Ilu ne, wanzamin unguwa, dogo siriri, rataye da zabirarsa, haƙoransa jajur saboda goro. Ya tsaya a bakin ƙofa ya sake sallama, bai ɗaga labule ba sai da na ce, “Shigo mana, Baba.” (Wata zuciyar ta ce, to ga shi nan ka gayyace shi da bakinka. Na yi mata tsawa.) Tun da na zo garin, shi ne mutum na farko da ya taka cikin ɗakin nan, har na ji wani daɗi-daɗi.

Ya sa na tuɓe riga na yi rub da ciki a tabarma. Ya kafa ƙahonin ɗaya bayan ɗaya a bayana, ya zuƙe iskar da baki, ya toshe, can ya cire ya yi ’yar tsaga da aska, ya mayar. Hannunsa da sauƙi, yana yi yana ba ni labarin gero. Zazzaɓi da rashin barci suka haɗu, ban san lokacin da gyangyaɗi ya ɗauke ni ba.

Abin da ya farkar da ni numfashi ne mai ɗumi a ƙeyata, da ƙarar zuƙa. Na buɗe ido. Madubina yana jingine da bango, na ga fuskata a ciki, ban ga kowa a bayana ba. (Madubin bai fi tafin hannu ba, ko kunnena ba ya nunawa duka, amma wa ya tsaya lissafi?) A gefena ga gudajin jini baƙi ƙirin a ɗan gwangwani. Na waiga, na ga baki jajur dab da wuyana.

Ban san ina da gudu haka ba. Na tafi da labulen, na faɗa waje ina cewa, “Jama’a ku taimake ni, maye zai shanye ni!”

Kalmar da ta zo bakina ke nan, don ban san me za a kira na cikin fim da Hausa ba. Mata masu kai niƙa suka tsaya, masu fita gona suka ajiye kayan aiki, ɗalibaina da suka makara suka samu abin da ya fi makaranta. Ƙaho ɗaya ya ɓalle ya gangara gaban jama’a, sauran suna ta rawa a bayana. Kafin hankalina ya dawo an kewaye ni. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan shi ya fara tsorata ni da gaske. Wata tsohuwa ta ce ai sai a kwantar da ni a sa shi ya tsallake ni, kamar yadda ake yi wa maye in ya kama mutum.

Baba Ilu ya fito da askarsa a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa. Shi yake askin suna a unguwar, shi yake yi wa yara kaciya. In sunan nan ya bi shi, ba uwar da za ta sake miƙa masa jaririnta, har ’ya’yansa ma sai abin ya shafa. Na dubi fuskarsa na gane abin da bakina ya yi, zazzaɓin ma ya gudu ya bar ni.

Mai unguwa ya ce a haɗu gindin darbejiya bayan la’asar. Na zo da riga har da hula, na durƙusa, na fara bayani. Na ce akwai wani Bature da ya mutu amma bai mutu ba. Na ga ana kallon juna, alamar an fara tausaya wa iyayena. Da na ga zan ƙara ɓata lamarin, sai na ɗauko wayata na kunna musu fim ɗin.

Dattawa suka matso. Wani ya ce haƙoran nan dai suna neman likita. Wani ya tambaya ko duk garin ba mai addu’ar kwanciya barci. Da aka zo inda mai alkyabbar ya sunkuya kan wuyan wani mai barci, Malam Habu ya dube ni, ya dubi Baba Ilu, ya tuntsire da dariya, sauran suka bi shi. Mai unguwa ya yanke cewa zazzaɓi ne da kallon banza, kuma duk wanda ya sake maimaita kalmar nan shi da shi ne. Na roƙi Baba Ilu gafara a gaban kowa. Ya ce ya yafe, amma idonsa na kan fim ɗin, inda aka nuna mai alkyabbar zaune shi kaɗai a ƙaton gidansa.

Ya ce, “Malam, shi wannan ba shi da ’yan’uwa ne?”

Na ce ba shi da kowa, tsoronsa ake ji, kuma ba ya iya shiga wurin mutane sai an ce masa ya shigo.

Ya jinjina kai. “Allah sarki. To shi ba a ce masa ba ne. Kai fa? Kullum sai mun ce maka bismillah, ka ce ka ƙoshi. Har mun ɗauka tuwonmu ne bai yi maka ba.”

Wallahi gudun da na yi da gajeren wando bai ba ni kunya kamar wannan maganar ba. Wata da watanni ina kwance a ɗaki ina jin haushin an ware ni, ashe su ma suna can suna cewa na ƙi su.

Ranar nan tare da su na ci tuwon gero da miyar kuka, kaina a ƙasa. Washegari Baba Ilu ya ƙarasa mini ƙahon a gindin bishiyar, a bainar jama’a, don kowa ya ga na miƙa masa wuyana ido biyu. Ɗalibai kuwa har na bar garin Malam Ƙaho suke kirana, a bayan idona da farko, daga baya ma a gabana.

Yanzu an mayar da ni wani garin, na sake zama baƙo, ɗakin ma shiru ne kamar wancan. Fina-finan suna nan, nakan kalla jefi-jefi, amma da rana. Abin da dai na koya shi ne, duk inda aka ce mini bismillah, ko na ƙoshi sai na wanke hannu na zauna. Na yi ɗan tumbi, amma ban sake kiran kowa maye ba.