Wasan da Cindo Ya Ƙi Ƙarasawa

A Unguwar Tsamiya an yi wani mutum ana ce masa Cindo, yana zaune da matarsa Tabawa a gidan kawunsa Malam Hashimu, tsohon hedimasta. Cindo ba mugu ba ne, Allah ya sani. Sai dai duk abin da aka faɗa masa haka zai ɗauka, ba ragi ba ƙari, ga shi ba ya zama wuri ɗaya, kamar an zuba masa tururuwa a wando. Shi kuwa Malam, tun rasuwar matarsa ba abin da ke fito da shi daga ɗaki sai ces, darar nan ta Turawa mai sarki da doki da sojoji. Abokan wasa sun ƙare, ɗansa Nafi'u kuma ya matsa sai ya ɗauke shi zuwa Abuja. Tsoho ba ya son barin inda aka binne cibiyarsa, amma ba shi da hujja. Rashin abokin wasa ya sa ya zaunar da Cindo gaban allo.

Wata rana Malam ya koya masa cewa abin da ka taɓa, dole shi za ka motsa. Cindo ya ce ya ji. Ya shiga gida, hannunsa ya gogi tukunyar miya, sai ya sauke ta daga murhu ya kai ta bakin rijiya. Ya dafa jakin maƙwabci, ya ja shi har kasuwa. Da Tabawa ta taso masa da faɗa, tsautsayi ya sa ya taɓa kafaɗarta, ita ma sai da ya ɗauke ta cak ya dire a ƙofar rumbu. Ranar nan gaya aka ci tuwo.

Wata rana Malam ya ce masa duk wasan nan kare sarki ne, sauran shirme. Ya tashi alwala, ya dawo ba Cindo ba sarki. Ashe gogan naka ya cusa shi a hula, ya ga bai yi ba, ya kai rumbu, ya tuna da ɓera, ya sake fitowa a guje. A ofishin 'yan banga aka same shi yana roƙon a ba sarki gadi. Malam ya yi dariya har da hawaye, irin wadda rabonsa da ita tun kafin rasuwar.

Wata rana Malam ya gaji da garajensa, ya ce kada ya kuskura ya sake motsa komai sai ya tabbata. Bai rufe baki ba sai ga motar Nafi'u a ƙofar gida. Tsoho ya san ɗaukarsa aka zo yi. Ya ce ko za a bari su gama wasan da suka fara.

"To Baba, ku ƙarasa, sai mu kama hanya," in ji Nafi'u.

Motsin Cindo ne. Aka yi azahar, aka yi la'asar, shiru. Ƙafa tana kaɗawa, gumi yana zuba, amma hannu ya ƙi zuwa allo. Salla da abinci da barci kaɗai ke tashinsa. Nafi'u ya yi safa da marwa, ya duba agogo, ya yi lallashi, ya yi faɗa, har ya nuna masa inda zai ajiye doki.

"Ban tabbata ba tukuna," in ji Cindo.

Kwana biyu, unguwa ta cika zaure kallon ikon Allah: Cindo a zaune! Ana ta musu, Malam a tsakiya yana bayani, yana cin ƙosai, yana tsokanar tsofaffi. A rana ta uku Nafi'u ya daɗe a tsaye yana kallon mahaifinsa. Ya ga tsoho ya warware cikin mutanensa. Ya sauke jakar tsoho daga mota, ya ce zai leƙo da Salla.

Ƙarar mota na ɓacewa Cindo ya yi tsalle ya ce ya tabbata, ya tura soja gaba, ya bar sarkinsa tsirara. Motsi ɗaya ya rage wa Malam ya gama da shi. Tsoho ya dubi allo, ya dubi hanyar da mota ta bi, ya tuna in wasa ya ƙare hujja ta ƙare, ya mayar da hannayensa cikin riga.

"Ni ma sai na tabbata," in ji shi.