Jan Gari a Kan Agogon Tukunya

Ranar Talata aka kore ni daga ofishin gwamnati, ni da furfurata, saboda na goge wani gilashi da hankicina. Bari in ba ku labarin da bakina kafin a ce sata na je yi.

Maƙwabciyata Shefali Mondal, wadda duk layinmu ke kira Mashi, wato inna a yarenmu, ita na raka gidan ajiyar takardun filaye. 'Ya'yan ƙanen marigayi mijinta sun kai ta kotu, wai filin da take shuka kabewa da barkono a bakin tafki nasu ne. Shaidarta ɗaya ce tak, wani shafi cikin tsohon kundi da aka rubuta da hannu tun tana amarya. In shafin nan ya tafi, filin ya tafi, kuma da shi take ci.

Gidan ajiyar kuwa ba na wasa ba ne. Shekara shida da suka wuce manya suka zo da jiniya, suka ce an sa masa na'urar kashe gobara irin ta ƙasashen waje. Ba ruwa take fesawa ba, don ruwa ɓata takarda yake yi. Wata iska ce ta musamman cikin jajayen tukwane takwas, da an ji hayaƙi sai ta fito ta shaƙe wutar. Na yi tafi ranar har hannuna ya yi zafi, aka ba mu shayi da biskit ɗai-ɗai.

Muna zaman jira a kan benci na ɗaga kai, sai na ga kowace na'urar jin hayaƙi da ke rufi an sa mata hular leda an ɗaure da zare. Tukwanen an rataya musu furanni har sun bushe, an kuma dangwala jan gari a kan gilashin agogon kowace, wanda ke nuna yawan iskar da ke ciki. Na tambayi Tapan Hazra, mai duba kayan, wani siririn mutum da jakar sifana a kafaɗa.

"Dada, yayana, tun bikin sa wa kayan aiki albarka ne," in ji shi, yana magana ƙasa-ƙasa. "Yallaɓai, shugaban gidan nan, ya ce a kunna turare a ciki. Hayaƙi zai ta da na'ura, shi ne aka toshe mata hanci."

"Bikin bana?"

"Na bara waccan. Ni ma ina sa wa sifanata jan gari, amma a gefe nake sawa. Shi a kan gilashi ya dangwala, wa zai goge abin da yatsan Yallaɓai ya taɓa? Rahoto tara na rubuta, an ce suna kan tebur."

Ni kuma kun san ni da karambani. Na ciro hankici na goge guda. Allurar na kwance a kan sifili tana sharar barci.

Nan Yallaɓan da kansa, Mai Girma Sarkin Makullai, ya fito daga ɗakinsa. Gaskiya mutum ne mai haƙuri, ko muryarsa bai ɗaga ba.

"Wa ya ba ka izinin duba kayan gwamnati?"

"Ranka ya daɗe, ai tukunyar ba komai a cikinta."

"Kafin ka goge, akwai wanda ya san haka? To ka ga kai ka kawo matsalar. Shekara shida ba mu yi gobara ba. Wace shaida kuma kake nema cewa na'ura tana aiki?"

Irin wannan ilmi ba a makarantar da na yi ake koyar da shi ba.

Mashi ta roƙa a bar ni in ɗauki hoton shafin da waya. Aka ce doka ta hana, saboda tsaro. Ta nemi kwafi mai hatimi, aka ce ta cika fom ta jira layinta, bayan damina. "Kwantar da hankalinki, Mashi," in ji Yallaɓai, "takardarki ta fi tsira a wurinmu." Ta kalli tukunyar, ta kalli hulunan leda. Yallaɓai ya yafito masinja ya fitar da ni.

"To kafin ku fitar da shi," ta ce, "ku bari ya karanta mini. Ni ban yi makaranta ba."

Aka ba mu minti goma. Na karanta tana maimaitawa: lambar kundi, lambar shafi, sunan mijinta da na ubansa, iyaka daga bishiyar mangwaro zuwa bakin tafki, daga nan zuwa hanyar shanu. Sau uku muka yi, sannan masinja ya nuna mini ƙofa cikin ladabi.

A keken da ya kawo mu gida ba ta daina bitar ba. Da muka sauka ta riƙe hannuna. "Ɗana, in takardar ta ƙone, ni zan tsaya gaban alƙali in karanta masa da ka." Na kasa gaya mata cewa kotu hatimi take nema, ba hadda ba.

Shekararta saba'in da huɗu, ga hawan jini. Tun ranar matata ke leƙa ta safe da yamma, ta tabbatar ta sha magani, ta kuma ji ko lambar shafin na nan a kanta. A duk gundumar nan, ita kaɗai ce ma'ajiyar takardu da ake dubawa a kan lokaci.