Rasuwar Sandar Fatsata a Bakin Kogin Tisa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Radivoj Stankov, tsohon makanikin injin niƙa, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk masu sammakon zuwa bakin Tisa, rasuwar sandar fatsata. Ta bar mu ranar Laraba da hantsi, a kan dandamalin katakon da ke ƙasa da mashigar kwalekwale. Shekara arba'in da shida ta yi a hannuna. Shekarunta na kafin nan babu wanda ya sani, domin surukina da ya ba ni ita ranar da na auri 'yarsa bai faɗa ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya.

Marigayiya gora ce, gaɓa uku, da zoben tagulla a kowace mahaɗa. Ba ta da yawan surutu. Idan na wurga ta, sai ta ce fiuu, sau ɗaya tak. Idan kifi ya kama, ɗan keken naɗe zarenta ya ce kir-kir-kir, shi ke nan. Ba ta taɓa yi mini ƙarya ba: duk ranar da ta rusuna, to akwai abu a ƙasa. Shekarar da matata Smilja ta rasu, kowa ya zo sai ya ce in yi haƙuri, in ci abinci, in fita in sha iska. Ita kaɗai ce ta zauna da ni har arba'in ba ta ce mini komai ba.

Ta rasu ta bar keken zare, wanda ya tsira da rauni a hannu, da gwangwanin ƙugiyoyi, da wata kujerar naɗewa mai ɗingishi. Ta bar ni. Ta bar 'yata Gordana, wadda ke aikin jinya a Jamus, ba ma ganinta sai sati biyu a shekara, da jikata Nevena mai shekara biyar, wadda a hannunta aka yi rasuwar.

Ta daɗe ba ta da lafiya. Tun bara waccan mahaɗar ƙasa ta tsage, na ɗaure da zare na shafe da fenti. Maƙwabcina Pishta ya sha gaya mini in rataye ta a bango ta huta, wai tsofaffi biyu a bakin ruwa ɗaya ya isa. Ban ji ba.

Ga yadda ajalin ya zo. Ina rubuta shi duka, domin ana ta ba da labarin a kasuwa ba daidai ba.

Tun da suka iso nake roƙon Gordana ta bar ni in kai yarinyar kogi. Sai da aka kwana takwas ta yarda, da sharuɗɗa uku: hula ba za ta sauka daga kanta ba, mu dawo kafin rana ta take, kuma kada ƙafarta ta taka katakon nan, don ruwa ya ƙaru bayan ruwan saman da aka yi. Na ce na ji. Har na ɗan ji haushi da ake karanta mini dokar kogin da na girma a kansa.

Wanda bai taɓa zama da 'yar shekara biyar a bakin ruwa ba, ba zai gane ba. Kafin in gama haɗa sandar, Nevena ta tambaye ni sunan tanar da zan soka, da ko tana da uwa, da ko za ta ji zafi. Ta cinye rabin dafaffiyar masarar da na kawo wa kifi. Ta ce fitsari. Muka je bayan ciyawa muka dawo, ta ce ba ta ji kuma. Na nuna mata gashin dinyar da na ɗaura a zaren, yana yawo a saman ruwa, na ce ta zuba masa ido, in ya nutse to kifi ne. Ta kalle shi kamar na ƙirga goma, sannan ta jefe shi da dutse ta ga ko zai nutse. Sauro ya cije ta a gwiwa. Zaren ya sarƙe a ciyawar gaɓa har sau biyu, ina warwarewa tana ja mini riga. Ni kaina na kasa zama. In duba agogo, in duba ruwa, in duba hularta.

Can ta ce ita gida take so, wai kogi babu komai a ciki.

Maganar ta soke ni fiye da yadda ya kamata. Na ga Litinin ta zo sun tafi, na ga an tambaye ta a makaranta me ke garin kakanta, ta ce sauro. Shekarata saba'in da ɗaya, ban san bazara nawa ta rage mini ba. Ga katakon nan taku ashirin daga inda muke, ƙarƙashinsa kuwa ruwa mai zurfi inda kifi ke fakewa. Na ce wa kaina minti biyar kawai, kuma ina tsaye a kanta.

Na kama hannunta muka hau. Na wurga, marigayiya ta ce fiuu ɗinta na ƙarshe. Na damƙa wa Nevena ita, na naɗe yatsunta a kai, na ce, "Kome ya faru, kar ki saki sandar nan. Kin ji ko?"

"Na ji, Kaka."

Iska ta ɗauke hular. Na juya in cafke ta, taku biyu kawai. Sai na ji kir-kir-kir ɗin da ban taɓa jin irinsa ba, ba tsayawa, kamar ana yaga zane. Da na waiwayo sandar ta lanƙwashe har kanta ya shiga ruwa, yarinyar kuma tana tafiya a tsaye, takalmanta na santsi a kan jiƙaƙƙen katako. Tarwaɗa ce, kuma na tabbata ta fi Nevena nauyi. Na daka mata tsawa ta saki. Ko waiwayowa ba ta yi ba, haƙoranta a cije, ta ce, "Kai ka ce kar in saki."

Ban san yadda na isa ba. Na dai san na faɗa da ƙirji, hannuna ya kama bayan rigarta a daidai lokacin da ƙafafunta suka bar katakon. Sandar ta shiga tsakanin gwiwata da turken ɗaure kwalekwale. Ta ce ƙas. Ba daga wurin ciwon ta karye ba ma, daga sama ne. Nan take nauyin ya sake mu, na janyo yarinyar ta faɗo a kaina, jiƙe har cinya, takalmi ɗaya babu. Gaɓar sama ta bi kifin, muna kallo tana nitso tana tasowa har ta sha kwana. Da ba ta karye ba, ban san ko hannun tsoho ɗaya zai iya da su biyu ba. Wannan ne aikinta na ƙarshe, kuma ya fi duk na baya.

Nevena ba ta yi kuka ba. A hanya ina goye da ita tana ta lissafa wa mutane girman kifin. Tun daga ƙofar gida ta fara shela cewa ba ta saki ba. Gordana ta dubi ƙafar da ba takalmi, ta buɗe tafin hannun 'yarta ta ga jan shatin da gorar ta bari, sannan ta dube ni.

"Baba, abu uku na ce maka."

Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Kwana biyu tana ajiye mini abinci a tebur ta koma ɗaki. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina. In shiga rumfar kaya in jera gaɓoɓin nan biyu, in fito in zagaya lambu, in kama hanyar kogi in dawo daga rabi. Na cire ciyawar da na riga na cire. Pishta ya leƙo ta katanga ya ce in ba zan zauna ba in zo in nome masa nasa.

Ranar Juma'a da safe na samu Gordana tana shanya. Na ce mata ba iska ba ce, ba kifi ba ne, ni ne. Na san sharaɗin, na taka shi da idona biyu, don ina tsoron yarinyar ta manta da ni. Ta daɗe tana matse riga ɗaya. Daga baya ta ce ita ba mantuwar yarinyar take tsoro ba, abin da ke hana ta barci shi ne ta sha ganin yaran da ake kawowa asibiti daga ruwa, kuma kowane kaka cewa yake minti biyar ne. Na ce gaskiya ne. Ta miƙo mini bakin zanen gado na riƙe mata, muka shanya tare.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da ƙarfe goma, bayan an taso daga coci. Za a binne gaɓa biyun da muke da su a kan tudun gaɓar kogi, nesa da katako. Wanda ya tsinci ta ukun tsakanin nan da gada, ya taimaka ya kawo. Ba a buƙatar furanni. Pishta zai dafa farfesun kifi da jan barkono, kifin kuwa na kasuwa ne, kada kowa ya yi tambaya. Kowa ya zo da kwanonsa da cokali.

Gordana ta ce za ta zo, amma ita za ta riƙe hannun 'yarta daga farko har ƙarshe. Nevena ta ce a taho da tana. Na ce mata ai babu sanda. Ta ce ta leƙa rumfar Pishta, yana da biyu. Uwar tana tsaye ta ji, kuma har na gama rubuta wannan takarda ba ta ce a'a ba.